Kafin ka sayi C300 mai turbo a Legas, duba aljihunka na shekara mai zuwa

A 'yan shekarun nan an samu wani sabon yayi a tsakanin matasanmu 'yan kasuwa a nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12 har Idi-Araba. Da zarar Allah ya buɗa wa yaro, sai ya nufi Berger ya ɗauko Marsandi, galibi C300 ko GLC 300 tokumbo. Ba ni da ja da wannan, wanda ya sha rana ya nemi halak ɗinsa yana da damar ya hau abin da ransa ke so. Abin da ke damuna shi ne yawan takardun neman rance da ke zuwa teburin sakatare, waɗanda in ka bi diddiginsu za ka tarar injin mota ne ya mutu. Ra'ayina, kuma zan faɗe shi kai tsaye: asusun taimakon juna na ƙungiya ba na tayar da injin motar alfarma ba ne, kuma mafi yawan waɗannan injina ba ƙarfin hali ya kashe su ba, rashin sanin abin da suke buƙata ne.

Bari mu ɗauki injin da ya fi yawa a hannun mutanenmu. C300 da aka yi wa kasuwar Amurka daga 2015 zuwa 2018, da GLC 300 na farko-farko, suna ɗauke da injin da kamfanin Mercedes ya sa wa suna M274. Lita 2 ne kacal, fulogi huɗu, amma yana ba da ƙarfin doki 241. C300 da ta gabace ta injin fulogi shida gare ta, babu turbo. Wato an rage girman inji, aka kawo turbo ya cike gurbin. Shi turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa iska da ƙarfi cikin inji don ya ƙone mai da yawa a ƙaramin wuri. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a cikin zafin hayaƙi mai tsanani, kuma abin da ke tsakaninta da lalacewa shi ne baƙin man da ke cikin injin.

Shi ya sa maganar baƙin mai ta fi komai. Mun saba da tsohuwar Corolla da Camry, waɗanda ko wane irin mai aka zuba musu a bakin titi za su lallaɓa su kai ka gida. Wannan injin ba haka yake ba. Kamfanin yana da lambar amincewa da yake bai wa mai, irin su MB 229.5, kuma ana rubuta ta a bayan galan. In babu ita a jikin galan, ko da mai shago ya rantse maka, bar masa kayansa. Man 20W-50 mai kauri da wasu makanikai ke so saboda wai yana kashe ƙarar inji, ba ya isa cikin turbo da wuri da sassafe, kuma yana wahalar da na'urorin da ke daidaita lokacin buɗe bawul, domin da matsin mai suke aiki. Ga kuma jabu. Duk wanda ya san Ladipo ya san akwai na gaske akwai na ƙarya, galan iri ɗaya, kuɗi daban. Injin yana shan lita shida da wani abu, don haka sabis ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma a nan ne shaiɗan ke fara raɗa wa mutum ya sayi mai rahusa.

A Amurka kamfanin ya ce a canja mai bayan mil 10,000 ko shekara guda, wato wajen kilomita 16,000. Wannan lissafin na masu gudu a kan babbar hanya ne. Wanda zai yi awa biyu a gosulo daga Ojota zuwa Ikorodu, injinsa na aiki, yana zafi, mai yana tsufa, amma mita ba ta motsa ba. Ni shawarata kada ya wuce kilomita 6,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta ta asali. Kuma in ka taho da gudu daga Ibadan, kar ka kashe mota nan take, ba ta minti ɗaya ko biyu ta huce.

Sai man fetur, kuma a nan akwai wani ruɗu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A murfin tankin motar da ta fito daga Amurka za ka ga an rubuta 91. Mu ma a nan ana cewa man namu 91 ne, sai mutum ya ɗauka an yi daidai. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Amurkawa suna da nasu lissafin, kuma 91 ɗinsu ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da muke amfani da shi. Ke nan ko man gidan mai mai kyau yana iya gaza abin da injin yake so. Kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasar da ke faruwa a ciki, tana rage ƙarfi don ta kare injin, amma kariyar tana da iyaka, musamman in mota ta yi zafi, an cika ta da mutane, aka kuma taka ta. Balle man jarka na bakin hanya. Kowa ya tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, layuka suka dawo gidajen mai, motoci suka yi ta mutuwa a nan Legas da Abuja. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, kamar wannan, nozul ɗinsa da famfonsa ba sa ɗaukar irin wannan wasa, kuma ba su da arha.

Dole in yi adalci, ba komai ne laifin mai mota ba. M274 yana da nasa raunin da aka sani tun a ƙasar da ya fito. An yi ta ƙorafin fashewar fistan, har wasu masu motar a Amurka suka kai kamfanin kotu. Ana kuma samun matsalar bawul ɗin da ke fitar da tururin mai daga cikin inji, da ta na'urar da ke daidaita zafin ruwa. A kan wannan ta ƙarshen ne nake roƙon 'yan'uwa: kada ka yarda a cire maka ita da sunan wai ƙasarmu da zafi, kuma kada a ɗura ruwan famfo a lagireto. Wannan dabarar ta zamanin Peugeot 504 ce. Idan fitilar inji ta kama a gaban direba, ba a rufe ta da salatif, ana kai mota wurin mai na'urar gwaji da ya san Marsandi ne.

Wani abin kuma, da yawa daga cikin motocin da ke sauka a Tin Can daga gwanjon kamfanonin inshora suka fito, irin su Copart da IAA. Wata hatsari ta yi, wata ambaliya ta shanye ta. Lambar VIN tana nan a ƙasan gilashin gaba, da ita za a iya ganin tarihin motar a intanet, wani lokaci har da hotunanta kafin a gyara. Mutum zai biya miliyoyi amma ya ji ƙyashin kuɗin wannan bincike da na makanikin da zai raka shi, abin yana ba ni mamaki.

Na san amsar da wasu dattawanmu za su bayar: a sayi Lexus ES350 ko RX350 kawai a huta. Da gaskiyarsu. Injin 2GR mai lita 3.5 ba shi da turbo, yana da haƙuri, kuma kusan kowane gareji an san shi. Wanda motarsa ita ce jarinsa, ko wanda kuɗin makarantar yara ke jiransa, ni ma can zan tura shi. Amma wannan mafita ta ɗan lokaci ce. Honda Accord ta koma turbo tun 2018, ita kanta RX350 daga 2023 injin turbo mai lita 2.4 aka sa mata. Tokumbon da za ta riƙa zuwa nan da shekara biyar ko goma, mafi yawanta irin wannan injin za ta ɗauko, mu so ko mu ƙi.

To a nan ne nake ganin kuɗin ƙungiya zai fi amfani. Muna da yara da suka gama sakandare suna zaune a tasha ko suna acaɓa a unguwannin da har yanzu ake bari. Kuɗin da za a ranta wa mutum ɗaya ya sayo injin tokumbo a Ladipo, wanda shi ma ba a san tarihinsa ba, zai iya biya wa yaro ko biyu koyon gyaran motocin zamani, har a haɗa musu da na'urar gwaji. Wanda ya iya karanta abin da kwamfutar mota ke faɗa ba zai rasa aiki ba a garin nan, kuma in ya koma Kano ko Kaduna ma da sana'arsa zai koma.

Zan gabatar da abu biyu a zamanmu na gaba in Allah ya kai mu: a rubuta a ƙa'idar asusu cewa rancen gyaran mota sai ga motar da ake neman abinci da ita, sannan a ware wani kaso don koyar da yara wannan sana'a. Wanda yake da makaniki amintacce da zai karɓi almajiri, ya kawo sunansa ofis kafin ranar, don kwamiti ya je ya ga garejin da idonsa.