Ku daina sayar wa masu kiwon tarwada dusa da sunan abincin kifi

Abin takaici ne yadda matashi zai tattara ɗan jarinsa, ya kafa tamfol a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwada, sannan wani mai kiran kansa ƙwararre ya ce masa ya haɗa dusa da garin masara, wai kifi ba ya zaɓen abinci. Wannan ƙarya ce, kuma mai faɗarta ya sani.

Ɗan tarwada da tsoka yake girma, tsoka kuwa furotin ke gina ta. A makonnin farko yana bukatar abincin da kusan rabinsa furotin ne, in ya ɗan tasa a sauko wajen kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. To, nawa ke cikin masara? Bai kai kashi 10 ba. Garin kifi kuwa ya haura kashi 60, waken suya da aka tatse mansa ya haura 40. Duk wanda ya cika buhu da masara ya rubuta 45 a jikinsa ɓarawo ne, ko da yana da shago da allon suna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake ba kowa shawara iri ɗaya. Mai tafkin ƙasa yana da mataimaki: rana da taki suna haifar da gansakuka da ƙananan halittun ruwa, kifi ya yi kiwo a kansu. Shi ya sa karfasa a tafkin ƙasa take jure abinci mai ƙarancin furotin. Amma kifin da ke cikin kwamin siminti ko tamfol fursuna ne, abin da hannunka ya jefa masa shi kaɗai zai ci. Ka rage masa furotin, girma ya tsaya, waɗanda suka yi wa 'yan'uwansu zarra su fara haɗiye ƙanana, domin tarwada tana cin 'yar'uwarta. Ranar kwashewa mai kiwo ya ƙirga ya ga rabi, a ce masa iri ne mara kyau. Ina ruwan iri?

Kada kuma wani ya ɗauka yawan furotin ne magani. Wanda ya wuce bukatar kifi amoniya yake zama a cikin ruwa, kuma a ƙaramin kwami da ba a yawan sauya ruwa, ita ce ke kashe kifayen. Ga asarar kuɗi, tunda abinci ne ke cinye mafi yawan jarin wannan sana'a.

Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, jihar Neja. Muna da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Su shiga kasuwannin Kano da Kaduna, su ɗebi abincin da ke cikin buhunan nan a auna a ɗakin gwaji. Wanda aka samu rubutun buhunsa ya saɓa da abin da ke ciki, a rufe masa shago.