Sha-ka-fashe da saƙon ƙarya da yake kai wa jiki

Daga cikin magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba a shagunan kemis na Birnin Kudu da Gwaram, da kuma a farantan masu talla a kasuwanni irin ta Sara, akwai wata ƙaramar ƙwaya mai araha da ake kira dezametason, wadda 'yan mata da amare ke sha don neman ƙiba har aka yi wa irinta laƙabi da sha-ka-fashe, manoma kuma suke haɗiya cikin haɗin maganin ciwon gaɓoɓi idan aikin damina ya yi tsanani. Gargaɗi a kanta ya yi yawa a rediyo da wuraren wa'azi, amma kusan duka yana tsayawa ne a kan "a daina", kuma wannan shawara, idan aka bi ta ba tare da fahimtar yadda jiki ke aika wa kansa saƙo ba, tana iya jefa mai sha cikin haɗarin da ya fi na farko.

Jikin ɗan Adam yana tafiyar da al'amuransa ta hanyoyi biyu, wato jijiyoyi masu kai saƙo cikin ƙiftawar ido, da kuma wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini domin su kai umarni ga sassa masu nisa. Masana biyu 'yan Ingila, William Bayliss da Ernest Starling, su ne suka gano na farko a shekarar 1902, lokacin da suka nuna cewa hanji yana aika wa wata gaɓa ta ciki umarni ta jini ko da an yanke jijiyoyin da ke tsakaninsu. Homon yana ratsa jiki duka kamar yadda mai shela ke ratsa unguwanni, kowane gida yana jin muryarsa amma wanda maganar ta shafa ne kawai ke fitowa, domin ƙwayar halittar da ke amsa saƙo ita ce wadda take da makarɓi, wato wani furotin da siffarsa ta dace da wannan homon ɗin shi kaɗai. Makarɓin insulin, mai sarrafa sukari, yana zaune ne a jikin bangon ƙwayar, amma na kotisol, wanda shi ne abin magana a nan, yana can ciki, kuma da zarar sun haɗu sai su wuce tare zuwa cibiyar ƙwayar inda bayanan gado suke, su buɗe wasu ayyuka su rufe wasu.

Kotisol yana fitowa ne daga wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ake kira adirinal, kowace a saman ƙoda ɗaya, kuma aikinsa shi ne riƙe bugun jini da sukari a lokacin yunwa ko ciwo ko firgici, tare da kwantar da kumburi. Adirinal ba ta aiki da ra'ayin kanta, sai ta samu umarni daga fituwitari, wata gaɓa da ba ta wuce ƙwayar wake ba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ma tana jiran umarni daga wani sashen ƙwaƙwalwar da ke samanta. Hikimar tsarin ita ce ƙwaƙwalwa da fituwitari suna da nasu makarɓan kotisol, saboda haka idan ya yi yawa a jini sai su tsayar da umarni, idan ya yi ƙasa su sake bayarwa.

Dezametason, wanda aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1950, yana kama wannan makarɓin ne dai, sai dai ƙarfinsa ya ninka na kotisol kusan sau 25, kuma tasirinsa yana wuce yini guda a jiki. A hannun likita magani ne mai daraja: ana ba mai juna biyun da naƙuda ta zo wa kafin lokaci domin huhun bakwainin ya yi ƙwari, kuma a watan Yunin 2020 wani babban bincike a Birtaniya ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma idan aka mayar da shi abincin kullum, jiki yana fassara saƙon a matsayin masifar da ba ta ƙarewa, sai ya narkar da tsokar cinya da damtse ya mayar da ita sukari, ya tara kitse a fuska da ƙeya da ciki. Abin da dangin ango ke gani a matsayin amarya ta yi kyau, shi ne alamomin da likitan Amurka Harvey Cushing ya bayyana a 1932 a matsayin cuta, kuma hawan jini, ciwon sukari, nankarwa masu faɗi, laushin ƙashi, yanar ido da tashin tarin fuka da ya kwanta suna biye da su.

Babban haɗarin, wanda ba a cika faɗa ba, yana wurin dainawa. Bayan makonni kamar uku zuwa sama ana sha kullum, ƙwaƙwalwa ta daɗe tana ganin jini cike da abin da take zaton kotisol ne, don haka ta yi shiru, adirinal kuma da ba ta samun umarni sai ta motse ta rage aiki, kuma farfaɗowarta na iya ɗaukar watanni. Mace da ta ji wa'azi ta jefar da ƙwayoyin dare ɗaya za ta iya wayar gari da kasala mai tsanani, amai, jiri da faɗuwar bugun jini, wanda a gida za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iskokai, kuma idan ya haɗu da haihuwa ko tiyata ko gudawa yana iya kisa. Da yawa ma wannan wahalar ce ke mayar da su ga ƙwayar, a ce musu sun kamu, alhali jikinsu ne bai dawo aiki ba tukuna.

Saboda haka hana sayarwa, wanda aikin Hukumar NAFDAC ne da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna tunda doka ba ta yarda masu kemis su sayar da irin wannan magani babu takardar likita ba, rabin aiki ne kawai. Ɗaya rabin yana kan ma'aikatan lafiya, tun daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma da ke Birnin Kudu har zuwa ƙananan asibitocin ƙauyukan Gwaram, su riƙa tambayar duk wadda ta zo awo ko za a yi wa aiki abin da take sha, ba da tsawa ba, domin kunya na sa a ɓoye. Wadda ta daɗe tana sha kuwa ta ɗauki kwalin ta kai asibiti, a auna mata jini da sukari, a tsara mata ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni gwargwadon daɗewarta a kai, sannan ta riƙa sanar da duk likitan da ta je wurinsa har tsawon shekara guda bayan ta gama.