A koya wa yara inda aikinsu yake kwana

Yau yaro ba ya buƙatar sanya wata manhaja a kwamfuta kafin ya fara koyon kodin. Burauza kawai zai buɗe, ya shiga Scratch da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ko MakeCode na kamfanin Microsoft, ya kama haɗa tubalan umarni. Wannan sauƙi alheri ne, musamman ga ɗaliban da ba su da kwamfuta sai ta makaranta ko ta shagon intanet. Abin da ke damuna shi ne ana koya musu gina aiki, amma ba a nuna musu inda aikin yake kwana. Wannan kuwa sakacin malamai ne, ba na yara ba.

Mu ɗauki MakeCode. Idan ɗalibi bai shiga da asusu ba, aikinsa yana zaune ne a cikin ma'ajiyar burauzar wannan kwamfutar kaɗai. Ranar da mai shago ya share bayanan burauza, ko aka sake zuba wa na'urar Windows, shi ke nan, wahalar makonni ta bi ruwa. Ko kujera yaro ya canza, ba zai tarar da komai a kwamfutar kusa ba. Abin takaicin shi ne maganin yana gabansa. Fayil ɗin hex da yake saukewa don ɗorawa a kan ƙaramar na'urar micro:bit yana ɗauke da ainihin aikin, kuma zai buɗu a MakeCode a kowace kwamfuta. Haka Scratch: tun fitowar zubi na uku a 2019, ana iya sauke aiki a matsayin fayil ɗin sb3, a sa a filashi ko a tura wa kai ta imel.

Wani zai ce ai buɗe asusu ya wadatar, tunda kamfani zai ajiye. Ya rage asara, amma kayan aro ba ya rufe katara. Google ya rufe dandalinsa na Google Code a 2016. Glitch, wanda masu koyo da yawa suka gina ƙananan manhajojinsu a kai, ya daina ɗaukar nauyin ayyukan mutane a watan Yulin 2025, ya ba da wa'adi kowa ya kwashe nasa. Ka yi tunanin matashin da ya yi watanni bai leƙa imel ba saboda tsadar data. Ta ina zai ji sanarwar?

Waɗanda suka wuce matakin tubala su saba da GitHub, su riƙa jawo kwafi zuwa na'urarsu, domin Git, manhajar da GitHub ke aiki da ita, yana sauko da aikin tare da tarihin gyare-gyarensa. Su kuma lura cewa kalmomin sirri da bayanan rumbun ajiya ba sa bin kodin idan an kwashe shi, sai an ɗauke su daban.

Ga roƙona ga malaman makarantu da masu horarwa a shirye-shiryen koyar da fasahar zamani irin su 3MTT: kada a ba ɗalibi maki a kan aikin da ya nuna a burauzar da ya gina shi. Ya sauke fayil ɗin, ya tashi ya koma wata kwamfutar, ya buɗe shi a gaban malam, ya yi aiki. A yi wannan tun darasin makon farko, kafin yaro ya tara abin da zai yi kukan rasawa.