Tun Ran Gini, Ran Zane

Duk garin da layin dogo ya ratsa, ya raba shi biyu. Haka ya yi wa Kano tun da ya iso a 1911, kuma haka sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai yi wa garuruwan da ke kan hanyarsa, irin su Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tambayar da nake so mahukunta su amsa tun yanzu ita ce: ta ina jama'a za su riƙa tsallakawa?

Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsauri, ba ya kuma tsayawa nan take. Don haka titi ne yake kauce masa, ko dai ya haye ta sama ko ya bi ta ƙarƙashi. Hanyar ƙarƙashi tana da farin jini domin takan fi gadar sama gajarta, ba a rushe gidaje da yawa. Amma kada mu manta, rami ce. Babbar mota na buƙatar sararin da ya haura mita 5, ga kuma kaurin gadar kanta. In layin yana daidai da doron ƙasa, sai an haƙa wajen mita 6 ko 7. Ruwa kuwa bai san wata hanya ba sai gangare.

Mutanen birnin Delhi na Indiya sun ga wannan da idonsu. Ƙarƙashin gadar jirgi ta Minto ya sha zama tafki da damina, har motocin safa su nutse. A watan Yulin 2020 wani direba ya rasa ransa a wurin. Wanda ya san ruwan Agusta a ƙasar Hausa, ya kuma san yadda leda ke toshe mana magudanai, bai kamata ya ɗauki wannan labarin nesa ba.

A ganina, zanen irin wannan hanya daga ruwa ya kamata ya fara. In akwai rafi ko kwari kusa, a ja magudana ruwan ya gangara da kansa. In babu, sai rijiyar tara ruwa da injinan zuƙa fiye da ɗaya, tare da wutar da ba ta dogara da layin gari ba, domin da hadari ya taso ake ɗauke wuta. A ɗaga bakin hanyar ta kowane ɓangare, kada ambaliyar unguwa ta malalo ciki. A kafa ƙarfen gwajin tsayi tun daga nesa, kada tirela mai lodi ta daki gadar da jirgi ke bi.

Sai masu tafiya a ƙasa. Ɗan makaranta da mai baro da mai kora dabbobi suna buƙatar dakali mai faɗi, wanda ya ɗara titin tsayi, da fitilu. In wurin ya yi duhu da zarni, za su koma tsallaka layin da ƙafa, a yi asarar kuɗi da rayuka.

Abu na ƙarshe shi ne kula. Layin dogo na Gwamnatin Tarayya ne, titin gari kuwa galibi na jiha ko ƙaramar hukuma. A rubuta tun kafin a haƙa rami wa zai yashe magudana, wa zai gyara inji. Ina kira ga sarakuna da wakilan waɗannan garuruwa da su nemi ganin zanen tun siminti bai bushe ba.