Kafin a Zuba Kuɗin Adashe a Kan Fiyano



Tun bayan kaka maganar fiyano ta ƙi ƙarewa a majalisun matasanmu. Samari masu sha'awar waƙa sun haɗa adashe, wani ya sayar da buhun masararsa, wani kuɗin kabu-kabu ne ya tara, burinsu su mallaki na'urar kiɗa tasu ta kansu, su huta da hawa mota zuwa Kontagora, wani lokaci har Kaduna ko Kano, don kawai a buga musu waƙa ɗaya. Ba mu da ja a kan wannan buri. Inda muke da magana shi ne irin na'urar da ake shirin saya. Mun ga hotunan da ake ta turawa a WhatsApp, wata 'yar ƙaramar na'ura ce mai maɓallan murɗawa birjik, irin wadda Turawa masu kiɗan lantarki ke nunawa a YouTube. Kyakkyawa ce kam, amma a ganinmu ba da ita ya kamata a fara ba, kuma za mu faɗi dalili.

Mu a nan duk abin da ke da fararen maɓallai da baƙaƙe fiyano muke ce masa, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Abu na farko da ke raba su shi ne yawan muryoyi, wato sauti nawa na'urar ke iya fitarwa a lokaci guda. Mai algaita, komai gwanintarsa, sauti ɗaya yake busawa, sai ya sake shi sannan ya kama wani. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi. To haka na'urorin farko suke. Minimoog da ta fito a 1970, ko ka danna maɓallai uku, ɗaya za ta ba ka. A 1978 aka fitar da Prophet-5 mai murya biyar, aka yi ta mamaki. Yamaha DX7 ta 1983 ta zo da 16. Yau kuwa ƙananan Yamaha PSR da ake samu a kasuwanninmu suna da 48 ko 64, manyansu 128.

Wani zai ce yatsa goma ne da mutum, me zai yi da murya 64? Tambayar ta dace, kuma a nan ne masu saye ke yin kuskure. Ba yatsunka kaɗai ke cin muryoyin ba. Da zarar ka kunna kiɗan rakiya na cikin na'urar, wanda makaɗan situdiyo ke kira sitayil, ganguna za su ɗebi rabonsu, bes ya ɗebi nasa, jita da sauran kayan da ke bin bayanka su ɗebi nasu, tun kafin ka taɓa komai da hannun dama. In ka haɗa sauti biyu a kan maɓalli ɗaya, misali sarewa da goge, kowane dannawa murya biyu ta tafi. In kuma ka taka abin riƙe sauti na ƙafa, duk sautin da bai mutu ba yana nan riƙe da gurbinsa. Idan muryoyin suka ƙare na'urar ba ta yi maka gargaɗi, sai dai ta kashe tsohon sauti ta bai wa sabo wuri. Shi ne za ka ji kiɗa a wurin biki yana tsinkewa kamar ana taɓa waya, a yi ta zagin mai sifika, alhali ba laifinsa ba ne.

Ita waccan da ake turawa a WhatsApp, 'yan uwanta irin su Korg Minilogue murya huɗu ce da su. Ba aibi ba ne a wurinta, don ba a yi ta domin ta ɗauki waƙa ita kaɗai ba. An yi ta ne domin wanda ya riga ya mallaki kwamfuta da na'urar ganguna da sauran tarkace, yana neman wani sauti na musamman da zai ƙara a kai. Babu kiɗan rakiya a cikinta, babu sifika, babu ganga ko ɗaya. Wanda ya zuba kuɗin adashen mutum takwas ya kawo ta Sahon Rami, ya sayi sirdi ne babu doki.

Mu dubi abin da ya faru a Kano, tunda can ne wannan sana'a ta yi saiwa. A shekarun 1990 ne situdiyoyin da ke yi wa fina-finan Hausa kiɗa, irin su Iyan-Tama, suka koma ga Yamaha PSR, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan yadda wannan na'ura ta canza kiɗan Hausa. Da fim ɗin Sangaya ya fito wajejen shekarar 2000 ya karaɗe Arewa, shi ke nan kowa ya gane inda kasuwa ta dosa. Daga nan kiɗan nanaye ya taso, daga nan su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka samu filin da suka taka. Masu bege ma sun rungume ta, haka mawaƙan siyasa, haka ƙungiyoyin waƙa na majami'u. Duk wannan da fiyano mai kiɗan rakiya aka yi shi, wadda mutum ɗaya zai zauna a gabanta ya fitar da waƙa daga farko har ƙarshe.

Amma mu faɗi gaskiya, an biya farashi. Kunna waƙoƙi goma na wannan zamani ka rufe ido, sau da yawa ba za ka iya raba kiɗan ɗaya da ɗaya ba. Sarewa ɗaya ce, ganga ɗaya ce, har inda ake tsayawa a sake tashi iri ɗaya ne. Da can ko daga bayan katanga ka jiyo kalangu ka san na Shata ne, ka jiyo kotso ka san gidan Ɗanƙwairo ne, ka jiyo ƙwarya ka san Barmani Choge ta iso. Yanzu kowa daga rijiya ɗaya yake ɗiba, rijiyar da wasu injiniyoyi suka haƙa a Japan, waɗanda ba su taɓa zama a dandali ana kiɗan 'yan mata ba. Kuma duk bikin da yaro ɗaya ya je da fiyano, makaɗa biyar ko shida ne suka kwana a gida. Mun san irin waɗannan dattawa a garin nan da ƙauyukan da ke kewaye, wasunsu fatar gangarsu ta bushe a rataye.

Saboda haka mu abin da ya fi damunmu a zaɓen nan ya wuce lissafin muryoyi. Muryoyi 64 sun isa aikin biki da na ƙaramin situdiyo, 48 ma za a lallaɓa da su in mai kiɗan ba mai cika kaya ba ne. Abin da za a fara dubawa shi ne wata 'yar taya da ke gefen hagu na maɓallai, wadda ake murzawa sauti ya lanƙwasa sama ko ƙasa. Mutane da yawa ba sa kula da ita, ita ce kuwa kusan komai a kiɗan Bahaushe. Kalangu da me yake magana? Makaɗi na matse tsirkiyoyi a hammata, sautin ya hau ya sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka, har ka ji ganga ta kira sunan mutum da na ubansa. Goge da kukuma ma zamewa suke yi daga sauti zuwa sauti, ba tsalle ba. Fiyano kuwa matakala ce mai hawa 12 da aka auna daidai wa daida, abin da ke tsakanin hawa da hawa ba ta san shi ba. Wannan 'yar taya ce kaɗai ke ba ka damar shiga tsakanin. PSR-E373 ba ta da ita. PSR-E473 tana da ita, muryoyinta 64, kuma tana iya ɗaukar sauti daga waje ta adana. PSR-SX600 tana da ita, muryoyinta 128, kuma za ka iya ƙirƙirar kiɗan rakiya naka na kanka a cikinta maimakon dogaro da na kamfani, sai dai kuɗinta ya yi nisa da na sauran biyun. Ba talla muke yi wa Yamaha ba, Korg da Casio da Roland duk suna da nasu. Mun ambace ta ne don ita makaɗan Arewa suka fi sabawa da ita, wanda zai koya maka da wanda zai gyara maka sun fi sauƙin samu.

Maganar ɗaukar sauti ita ce ta biyu, kuma a nan ne muke ganin yaranmu za su iya yin abin da ba a cika yi ba. In na'ura na iya adana sauti, me zai hana a je wurin tsohon makaɗin garin nan a ɗauki bugun kalangunsa, a ɗauki gangar noma, a ɗauki kiɗan maƙwabtanmu Kambari, da izininsu kuma a biya su haƙƙinsu? Waƙar da aka gina a kan wannan, duk wanda ya ji ta zai san daga ƙasar Kontagora ta fito.

Akwai wani mutum a Nijar, Mamman Sani, wanda a 1978 ya yi kaset da wata na'ura ƙirar Italiya mai suna Orla, wadda ko kusa ba ta kai ƙaramar fiyanon yau ba. Da ita ya riƙa juya waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa, gidajen rediyo da talabijin na Yamai suka yi shekaru suna sa kiɗansa. A 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da wannan kaset, aka saurare shi har Turai. Abin da suka biyo shi ne karin da ba su da shi a gida, don na'urori kam sun fi shi.

Sai batun wuta, wanda bai kamata a ce muna yinsa ba. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma kowa ya san yadda muke kwana. Ƙananan PSR irin E373 da E473 suna aiki da batir shida irin na tocila, SX600 kuwa dole sai an jona ta. Duk wadda aka saya, a ware kuɗin abin daidaita wuta tun farko, domin ƙaramin janareta mai tashi da faɗuwa ya fi ɓarawo saurin raba ka da na'ura. A ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu, kada a bar ta a ɗaki mai rufin kwano da zafin bazara, kuma a yi hattara da ɓeraye.

Mun san akwai masu cewa duk wannan tsohon yayi ne, su amapiano da afrobit suke son yi, ba nanaye ba. Muna jin su. Amma su tambayi masu yin irin wannan kiɗa da me suke aiki, mafi yawa za su ce kwamfuta ce da manhajar FL Studio. A cikin kwamfuta yawan muryoyi ya danganta ne da ƙarfin ita kwamfutar, kuma kowace fiyano mai kafar USB daga cikin waɗanda muka ambata za a iya jona ta a riƙa buga sautukan manhajar da maɓallanta. Ke nan wanda ya sayi PSR bai rufe wa kansa wannan ƙofa ba. Ita kuwa kwamfuta kaɗai ba za ka ɗauke ta zuwa wurin kamu ka bi muryar mawaƙi yana tafe yana canza baiti ba, kuma a garin nan kuɗin biki ne zai fara mayar da jarin, ba intanet ba.

In za a sayi ta hannu, wato tokumbo, kada a yi sayen kifi a ruwa. Kada a tura kuɗi don an ga hoto. A tafi da wanda ya iya bugawa. A danna maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, domin robar da ke ƙarƙashinsu ita ke fara mutuwa, sai ka ji wani maɓalli yana ihu wani ya yi shiru. A kunna kiɗan rakiya a cika shi da kaya a saurara ko yana tsinkewa. A murza 'yar tayar a ga tana komawa tsakiya da kanta. A jona USB a gani da ido. A duba abin jona wutar, in ba nata na asali ba ne a rage kuɗi.

Shawararmu ga masu adashen ita ce kada a kashe kuɗin duka a kan na'ura. In abin da aka tara ya kai na babba cif-cif, a sayi matsakaiciya, ragowar a sayi makirufo mai kyau da abin saurare na kunne da abin daidaita wuta, a kuma ajiye wani abu na sallamar makaɗan da za a ɗauki sautinsu. Sannan tun kafin ta iso gari a zauna a rubuta a hannun wa za ta riƙa kwana, nawa ne kuɗin haya in an fita da ita biki, wa zai biya in ta lalace a hannunsa, a sa hannu a gaban manya biyu. Mun ga yadda injin niƙa na haɗin gwiwa ya raba abokan da suka tashi tare, ba ma so a maimaita a kan fiyano.

Duk ɗan garin nan da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Legas wanda ya san kan wannan kaya, ya taimaka ya raka yaran nan kasuwa ranar da za su saya.