Wa ke ɗiban ruwan, kuma da wane lokaci?

Duk wanda ya taɓa bi ta Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai ya san warin, ya san kuma launin ruwan da ke kwararowa daga kamfanonin jima. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar Wasai. A gaɓar waɗannan rafuka ne manoman rani ke ban ruwan latas da alayyafo da kabeji, waɗanda ake kai wa kasuwannin birnin Kano. Cikin abin da ruwan ke ɗauke da shi har da sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi.

Doka dai akwai ta. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi masana'antun saƙa da fata, da iyakar gubar da aka yarda ta fita cikin ruwansu. Amma lambar da ke kan takarda ba ta aiki sai an auna ruwa, kuma a wurin awon ne muke ganin maganar take.

Mu da ke karatu a Ingila mun ga yadda ake yi. A ƙarƙashin dokar ruwa ta 1991, laifi ne masana'anta ta zuba ruwan dattinta cikin magudanar jama'a ba tare da rubutaccen izini ba. Izinin yana fayyace yawan ruwan, da zafinsa, da tsaminsa, da ƙarafan da ke ciki. Kamfanin da ke kula da magudanar yana zuwa ya ɗebi samfuri da kansa, kuma yawan dattin ne ke yanke kuɗin da za a biya.

Ɗiba kuwa iri biyu ce. Akwai ta tashi ɗaya, wadda ba ta nuna komai sai halin ruwan a wannan mintin. Akwai kuma wadda na'ura ke tarawa kaɗan-kaɗan tsawon awa 24. Masana'antar da ta san jami'i zai zo da hantsin Talata tana iya riƙe dattinta har dare, ta sake shi. Ita na'ura ba ta barci. Sannan kwalbar da aka ɗiba sai an rufe ta da hatimi, an sanyaya ta, an rubuta sunan duk hannun da ta ratsa kafin ta isa ɗakin gwaji. In aka tsallake ɗaya, lauya zai rushe ƙarar a zama guda.

Kada a ɗauka muna yabon Turawa ne. A 2019 hukumar Ofwat ta ɗora wa kamfanin Southern Water biyan fam miliyan 126, bayan ta gano ana murɗa tsarin ɗiban samfuri a matatunsa domin ɓoye gazawa. An ba kura ajiyar nama, ta yi abin da ta saba. In haka ta faru a inda ake da kayan aiki da 'yan jarida masu bin diddigi, me ake zato a inda mai masana'anta ne zai kai rahoton gwajin kansa?

Saboda haka muke kira ga gwamnatin Kano da NESREA: jami'in gwamnati ne zai ɗiba, ba tare da sanarwa ba, dare ko rana. A yi gwajin a ɗakin da ba ya cin albashin masana'antar, jami'o'inmu na da masanan. Sakamakon kuma a buga shi da sunan kowace masana'anta, da Hausa, yadda manomin Jakara zai ji a rediyo.

Za a ce wannan zai kori masu jari, alhali masaƙun Kano sun riga sun durƙushe. Mun ji. Sai dai masu sayen fata a Turai kullum ƙara tsananta tambaya suke yi kan yadda aka sarrafa ta, kuma takardar gwaji mai gaskiya tana cikin abin da ke buɗe kasuwar.

'Yan takarar 2027 za su fara zagayo mu a tarukan 'yan ƙasa mazauna waje. Duk wanda ya zo, mu tambaye shi nawa zai ware wa na'urorin ɗiba da ɗakin gwaji a kasafinsa na farko.