Ɗan Arlit, kada ka fito jami'a da mabuɗi ɗaya

Ƙannena da kuka ci BAC bana, barkanku da arziki. Na san yanzu a fada hira ɗaya ce: wane fanni za ka cika a dosiye, Yamai za a tura ka ko Agadas ko Maraɗi, burs za ta fito ko ba za ta fito ba. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wadda ban ji ana yi ba, kuma ita nake so mu tattauna yau, da ku da yayyenku da suka riga suka shiga shekara ta biyu. Bayan babban fannin da ka zaɓa, me za ka ɗora a gefensa?

A jami'o'in Amurka abin yana da tsari. Ɗalibi yana da babban fanninsa, sannan ya ɗauki ƙarami a wani sashe dabam, darussa biyar ko shida, ya cika takarda, malamin da ke ba shi shawara ya sa hannu, ran da ya gama a rubuta masa a takardar sakamako. Faransa ma, wadda muka kwaso tsarin karatunmu daga wurinta, tun 2020 ɗalibin da ke neman likitanci ta hanyar da suke kira PASS sai ya haɗa da ƙaramin fanni, shari'a ko lissafi ko wani abu. Dalilinsu a fili yake: in ƙofar likitanci ta rufe, kada shekarar yaro ta tafi a banza.

To mu ƴan Arlit ba sai an yi mana bayanin rufewar ƙofa ba. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta dakatar da haƙa a Akokan, bayan ta fitar da kusan tan 75,000 na yuraniyom tun daga 1978. Ma'aikata wajen 600, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila da ba su da ko sunan kamfanin a rigarsu. Cikinsu akwai gwanaye na gaske, mutanen da suka shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa, sun san ramin nan kamar ɗakin kwanansu. Washegari gwanintar ba ta da mai saye a cikin gari. Wasu sun nufi wuraren zinariya, wasu sun koma kudu, wasu suna nan muna gaisawa kullum. Imuraren da aka ce mana shi ne gobenmu, an tsayar da aikinsa tun 2014, a Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin daga hannun Orano. SOMAIR da ta fara fitar da ƙarfe a 1971, a Yunin 2025 aka sanar ta koma hannun ƙasa. Ko kana murna da wannan ko kana ɗar-ɗar, abu ɗaya dai ya tabbata: mai riƙe da ƙofar yana canzawa, farashi a kasuwar duniya yana hawa yana sauka, ƙofar kuwa har yanzu ɗaya ce.

Duk da haka yaron da ya taso a site, mafarkinsa bai wuce EMAIR ta Agadas ko EMIG ta Yamai ba, ya fito ya sa hular kwano ya hau motar kamfani kamar babansa. Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan ce kowa ya guji karatun ma'adinai ba. Ƙasar da ta ce za ta riƙe ma'adinanta da kanta ai injiniyoyi take buƙata fiye da da. Abin da nake cewa, kada ya tafi da wannan kaɗai.

Amma fa batun neman aiki rabin magana ne. Rabin da ya fi damuna shi ne wannan. A Disambar 2003, da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta so a auna ruwa da ƙasa da ƙarafunan da ake sayarwa a kasuwar garin nan, sai da aka gayyato CRIIRAD daga Faransa. A 2009 Greenpeace ta zo da nata na'urorin ta auna titunan Akokan. Kamfani ya fito da nasa alƙaluman, baƙi suka fito da nasu, mu masu shan ruwan muna tsakiya muna raba ido. Garin da ya fi shekara hamsin yana kwana yana tashi da yuraniyom, matasansa nawa ne za a miƙa musu takardar awo su karanta su ce ga inda aka wuce iyaka? Iyakar da duniya ta amince da ita ga mutumin gari, wanda ba ma'aikacin rami ba, milisiba 1 ce a shekara a kan abin da yake samu daga yanayi. Mu nawa muka san wannan, balle mu san yadda ake lissafa ta?

Ga tsibin sharar COMINAK can, wajen tan miliyan 20. Mafi yawan tururin da ke cikin dutsen asali yana nan cikin sharar, don yuraniyom ɗin kawai aka cire, sauran dangin nasa an bar su. Ɗaya daga cikinsu, radiyom, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shirin da kamfanin ya sanar shi ne a rufe tsibin da laka da duwatsu kaurin mita biyu. Madalla. Bayan shekara talatin, in rufin ya tsage, wa zai gane? Mai jiyoloji zai ga tsagar. Amma in bai taɓa buɗe dokar ma'adinai ba, ba zai san wa doka ta ɗora wa gyaran ba. Lauya zai san dokar, amma in aka ajiye masa jadawalin awo zai ga lambobi ne kawai. Malamar asibiti tana ganin masu tari kullum, amma in ba ta taɓa zama ajin ƙididdiga ba, ba za ta iya cewa tarin unguwar nan ya fi na waccan ba ta hanyar da wani zai yarda. Matsalolin garin nan duk a tsakanin fannoni suke zaune, mu kuma ana yaye mu kowa cikin akurkinsa.

Haka batun kuɗi. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar. Shekara da shekaru ana jayayya kan ko kuɗin sun iso, nawa suka iso, ina suka shiga. A fada kowa gwani ne a wannan hira. Amma ka kawo kasafin kuɗin ma'aikatar magajin gari ka ajiye kusa da butar shayi, ka ga yadda wurin zai yi tsit.

Shi ya sa nake cewa kada ka zaɓi ƙaramin fanni don an ce malamin yana ba da maki, ko don abokinka yana can. Ka tambayi kanka: wace tambaya ce garinmu ya kasa amsa wa kansa, kuma wane rabi nata ne babban fannina bai taɓa ba? Wannan rabin shi ne ƙaramin fanninka. Mai kimiyya ya leƙa shari'a ko tattalin arziki. Mai shari'a ya daure ya zauna ajin muhalli ko da kansa zai yi ciwo. Ke ƙanwata da aka ce miki "aikin jinya ya fi dacewa da mace", ki yi jinyar in kina so, amma ki haɗa da ƙididdiga, don wata rana ke za a tambaya adadi. Har harshe ma fanni ne. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a takarda. To wa zai yi wa tsohuwa a Akokan bayanin iskar radon da Hausar da za ta gane? Wa zai yi wa makiyayi a gefen Imuraren da Tamajak? Injiniyan da ya yi semestir biyu a sashen harsuna ya fi mai fassarar haya amfani a wannan wuri, nesa ba kusa ba.

Na san abin da za a ce mini: taura biyu ba ta taunuwa. Kuma maganar tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ɗalibin da ke jiran burs wata da watanni, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, shekarar karatu ɗaya tana cin wata goma sha takwas saboda yajin aiki, gida kuma ana ƙirga masa kwanaki, ka ce ya ƙara kaya? Wanda babban fanninsa ke tangal-tangal, wallahi ya fara tsayar da shi, wannan rubutun zai jira shi. A shekarar farko ma ban ba kowa shawara ba. Amma ƙaramin fanni ba lisans na biyu ba ne. Lisans kiredi 180 ne, 30 kowane semestir. Abin da nake magana a kai darasi ɗaya ne a semestir, daga na uku zuwa na shida. Darussa huɗu masu bin juna, ba tsince-tsince ba. Awa biyu ko uku a mako. Mu faɗa wa juna gaskiya, TikTok yana cin fiye da haka kafin azahar.

Wanda ya ce haɗa fanni biyu raba hankali ne, ya dubi sunan da ke ƙofar babbar jami'armu. Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, masanin fizik ne, ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Shi ne kuma ya rubuta littafi kan ilmi a Afirka a 1964 wanda har yau ake karantawa a sassan koyon malanta. Ba wanda ya ce fizik ɗinsa ya ragu.

Yanzu ta yaya ake nema? Nan ne ƙurar take. Tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, a ƙa'idarsa an gina shi ne don ɗalibi ya iya tsara hanyarsa: akwai darussan dole, akwai na zaɓi, kiredi kuma ana tara shi. Rijiya ta ba da ruwa. A tsangayar da na yi karatu guga ne ya hana. "Zaɓin" da aka ba mu darasi ɗaya ne tak, kowa shi zai zaɓa. Da na nemi izinin zama ajin dokar ma'adinai a wata tsangaya, amsar farko da na samu a ofis ita ce "ba a saba ba". Ba a ce doka ta hana ba. Sai da malamin darasin da kansa ya sa baki aka bar ni, na zauna har ƙarshe, na rubuta jarrabawa, amma ko layi ɗaya bai fito a takardar sakamakona ba.

Don haka ka fara da neman jadawalin darussan sashenka na shekara ukun gaba ɗaya, ba na semestir ɗin da kake ciki kawai ba. Ɗalibai da yawa suna gamawa ba su taɓa ganin wannan takarda ba. Duba inda aka rubuta darasin zaɓi da kiredinsa. Sannan ka nemo na sashen da kake sha'awa, ka ga wane darasi ne ba ya buƙatar ka riga ka yi wani kafinsa, kuma lokacinsa bai ci karo da naka ba. Kada ka fara da ofis. Fara da malamin darasin, ka same shi bayan aji, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa daga inda ka fito da dalilinka a jimla biyu. Malamai da yawa sun gaji da ɗaliban da aka turo musu dole, in suka ga wanda ya kawo kansa sukan buɗe masa. Da yardarsa a hannu sai ka rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe, a makonnin farko na shekara, kafin a rufe rajista. Ka yi kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka. Kuma tun a cikin takardar ka roƙi abu ɗaya: a rubuta makin a takardar sakamakonka, in hakan ba zai yiwu ba a ba ka shaidar halarta mai sa hannun malamin da hatimin sashe. Ranar neman mastar ko sitaj, wannan ƴar takardar ce za ta yi magana, ba "ai na zauna ajin" ba.

In duk an rufe, akwai memuwar ta ƙarshen karatu. Zaɓi batun da ya taka fannoni biyu, ka nemi a ƙara maka malami na biyu daga ɗaya sashen. Ruwan Tarat da garin nan ke sha, kwal ɗin SONICHAR na Cirozerin, hanyar Tawa zuwa Arlit da ta cinye motoci da mutane, makomar gidajen site bayan rufewa: kowanne ya ishi memuwar goma.

Sai dai bai kamata wannan ya zama dabarar masu baki da ƙafa kaɗai ba. Ɗalibi mai kunya, wanda bai san kowa ba, shi ma yana da haƙƙi. Ƴan uwa na USN, kun saba fita kan burs da abinci da motocin ɗalibai, kuma kuna da gaskiya. Ku ƙara layi ɗaya a takardar koke: kowace lisans ta ware kiredi 12 zuwa 18 da ɗalibi zai ɗauka a wani sashe, da fom ɗaya, da ranar rufewa sananniya, a kuma rubuta shi a sakamako. Ba ya buƙatar sabon gini, malaman suna nan, azuzuwan suna nan. Abin da yake buƙata shi ne sassa biyu su zauna su daidaita jadawali, su bar rana ɗaya da yamma a buɗe.

Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014, ita ta fi dacewa ta fara. Ba ta tsufa ba balle a ce "ba a saba ba", kuma ita ce mafi kusa da ramukan. Ta haɗa ƙaramin fanni guda kan ma'adinai da al'umma: awon tururi, dokar ma'adinai, kasafin kuɗin ƙananan hukumomi, da yadda ake bayani da Hausa da Tamajak, a buɗe shi ga kowane ɗalibi ko me yake karantawa. Kuɗin na'urorin awo da na kai ɗalibai Arlit su yi aiki a fili, ƙananan hukumomin Arlit da Gugaram da Dannat za su iya ɗauka daga kason nan na 15.